Sunan Yankan Ɗan Azumi

Saminu taubashina ne. Uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, shi ɗan namiji, ni 'yar mace, saboda haka duk abin da na gaya masa ba ya zama laifi, kuma na gaya masa da yawa. Ni ce Ɗela mai man gyaɗa, nan bayan tashar Magarya.

In kun taɓa zuwa meri, ofishin magajin gari, neman takardar haihuwa a shekarun baya, to kun ga Saminu, Sakatare muke ce masa. Siriri ne, mai dogon wuya, bik ɗin rubutu a bayan kunne, ƙafarsa ɗaya kullum tana rawa a ƙarƙashin tebur. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tambayar mutane sunan uba da sunan kaka. In mutumin ƙauye ya ce masa Na-Allah ko Ɗan Tani, sai ya aje bik ya kafe shi da ido, ya ce, "Malam, ba laƙabi na tambaye ka ba. Sunan yanka nake so, wanda liman ya raɗa ranar da aka yanka rago." Haka zai tsare bawan Allah har gumi ya keto masa.

Tun yana yaro ba shi da zama. Ko fura ba ya iya shanyewa a zaune, sai ya miƙe da ludayi a hannu. Da aka zo ɗibar yara lakwal, makarantar boko, a ƙauyenmu na wajen Sassumbrum, sauran yara rumbu suka shige suka ɓoye, shi kuwa da ƙafarsa ya bi motar. Ya yi karatu, ya samu aiki, ya yi aure, Allah ya ba shi maza biyu, ya sa musu Nazir da Najib, sunayen da ake yayi a Kano lokacin. Kuma in faɗi gaskiya, ba mugun ɗa ba ne. Da idon ubansa, Kawu Ari, ya fara rauni, shi ya je ya ɗauko shi daga ƙauye, ya ba shi ɗakin ƙofar gida, ci da sha da magani ba a taɓa rasawa ba har Kawu ya rasu.

Ranar sadakar arba'in ɗin Kawu ne bakina ya jawo abin da ya jawo. Muna fama da waina tun asuba, hayaƙi ya cika mana ido, sai ga Saminu ya leƙo yana tafa hannu, wai mun makara, wai mu mutanen ƙauye ba mu da tsari. Raina ya ɓaci. Na miƙe da cokali a hannu na ce, "Kai mai tsari! Maza biyu Allah ya ba ka, ka mayar wa Kawu da sunan ubansa ko sau ɗaya? Ranar sunan Najib ina kallo ya tashi daga tabarma bai taɓa naman ba. Ya gaya wa innata ya zaci wannan karon za a tuna da tsoho."

Ya ce, "To ai da ya faɗa."

Na ce, "Ya faɗa? Uba ya roƙi ɗansa? Haba Sakatare, karatun naka ina ya tafi?"

Ya yi tsaye. Ƙafar nan mai rawa ma ta tsaya. Can sai ya ce, a hankali, "Ɗela, mene ne sunan nasa?"

Na buɗe baki da ƙarfina na ce Ɗan Azumi. Sai na ji abin da na faɗa. Ɗan Azumi ai kowane yaron da aka haifa cikin watan azumi haka ake kiransa. Kakanmu ne mu biyu, ya rasu muna 'yan shekara uku-huɗu, kuma daga ni har Saminu babu wanda ya san sunan da aka yanka masa rago da shi. Innata da za a tambaya ta riga Kawu tafiya. Wallahi na yi da-na-sanin maganar nan, amma ta riga ta fita.

Daga ranar Saminu bai ƙara zama ba. Dama ya aje aiki, ba abin da ya riƙe shi. Ya sayi kaye, littafin rubutu mai baƙin bango, ya gyara tsohon babur ɗinsa, ya shiga ƙauyuka. Kakan namu maginin rijiya ne, don haka rijiyoyinsa ya riƙa bi: Sassumbrum, Yekuwa, tungayen da ko amalanke da ƙyar take shiga, har ya ƙetara Najeriya wajen danginmu na Ɓaɓura. Duk ranar kasuwa yana can yana tsare tsofaffi a gindin bishiya da goro a aljihu. Matarsa ta gaji da ɗumama tuwo. Ya rame, wuyan nan ya ƙara tsawo, in ya zo wurina ko zama ba ya yi, a tsaye yake karanta mini abin da ya samo ina matsar tunkuza.

Kuma ya samo abubuwa, ban hana shi ba. Ya samo cewa Ɗan Azumi bahago ne. Ba ya cin komai kafin ya shiga rami, sai ya fito. Ɗanɗana ƙasa yake da harshe ya ce saura gaba kaza a kai ruwa, kuma da wuya ya kuskure. Yana da wani jaki mai cizo wanda har yau tsofaffin Yekuwa suna zaginsa. Rijiya goma sha bakwai Saminu ya lissafa, shida har gobe ana sha. Ya samo sunan uwar kakanmu, da garin da ta fito, da sunan ƙanensa da ya tafi Makka a ƙasa bai dawo ba. Amma shi kansa, duk inda aka je, Ɗan Azumi. Wani jikan mai gari ya buɗe masa akwatin ƙarfe ya fito da takardar ƙidaya ta zamanin Kwamanda, Baturen mulki, gara ta ci rabinta, Saminu ya duba, ya tarar da boko an rubuta abin da kowa ke faɗa.

Na ce masa, "Ka gani? Da kai ne a teburin ranar, da ka tsare shi sai ya faɗa." Bai yi dariya ba, ni ma daga baya ban ji daɗin tsokanar ba.

Mutum ɗaya ta rage a duniya da ta san sunan, Iya Yalwa, matar kakanmu ta ƙarshe. Tana bazawara ya aure ta, suka yi shekara goma ya rasu, ta sake aure, shi ma wancan ya rasu. Tana zaune wurin ɗanta Hamma a wata tunga gaba da Dogo-Dogo, ta doshi casa'in. To amma matan zamaninsu ba sa faɗin sunan miji. Ba a gabansa ba, ba a bayansa ba, ba bayan ransa ba. Ko Ɗan Azumin ma Iya ba ta faɗa, sai dai ta ce Maigidan. Sau uku Saminu ya je a cikin shekara biyu. Ta yi masa fura, ta tsokane shi irin ta kaka da jika, tana ce masa angonta, ta ba shi labari har kayensa ya cika. Da ya zo kan suna sai ta ja mayafi ta rufe baki, ta ce, "Kai ango, ba ka da kunya?"

Ana nan cikin kaka, ana ta ɗaurin hatsi, sai matar Nazir, Nafissa, ta haihu ranar Talata. Namiji, jikan Saminu na fari. Nazir yaron kirki ne, ya durƙusa ya ce, "Baba, zaɓin suna naka ne." Shi ke nan, wuta ta kama. Kwana bakwai, Talata mai zuwa liman zai tambaya a gaban jama'a. Saminu ya rantse ba wani suna da zai shiga kunnen yaron nan sai na Ɗan Azumi, sunan da shi Saminu ya hana ubansa ji yana raye. Ko huɗuba ya ce a dakata da suna.

Ranar Alhamis ya zo ya tsaya mini a ka. Ya ce, "Ke kika fara, ke za ki ƙarasa. Ke mace ce, wataƙila ta gaya miki."

Na ce, "Ni ɗin ka taɓa jin na kira sunan uban 'ya'yana?"

Ya ce, "Ɗela, don Allah."

Tunda muke bai taɓa haɗa ni da Allah ba. Na rufe tukunyar mai na ce ya zo da safe.

Tafiyar nan ba zan manta ta ba. Ni ba ƙaramar mace ba ce, babur ɗin kuma ya girmi Najib. Bayan mun wuce Dungas muka shiga rairayi, sau biyu muna zubewa. Na biyun a gonar wake na faɗa, zanena ya cika da ƙarangiya, na zauna ina cirewa ina yi masa tas, shi kuwa yana duba agogo yana cewa in yi sauri. Ko masallacin Juma'a a tsaitsaye ya shiga ya fito. Sai bayan la'asar muka isa, na sauka ƙafafuna kamar ba nawa ba.

Iya Yalwa tana zaune a inuwar zana tana ɓarar gyaɗa, 'yar ƙarama, duk ta tsotse. Ta gane muryarsa tun daga nesa. Ta ce, "Af, angona ya zo da wata. To ka kyauta." Muka gaisa, muka yi mata albishir ɗin haihuwa, ta ɗaga hannu ta yi ta sa albarka. Saminu bai bari an kawo ruwa ba ya buɗe kaye.

Dabara ya zo da ita. Ya rubuto sunaye sun fi sittin. Ya ce, "Iya, ba sai kin faɗa ba. Zan karanta, in na zo kansa ki sunkuyar da kai kawai." Ya fara. Abubakar, Adamu, Usmanu, Haruna, Idrisu. Yana karantawa yana leƙen fuskarta, ni ma ina leƙe. Iya ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Ya kai ƙarshe ya sake komowa farko, a hankali wannan karon. Sai na ga hannunta ya daina aiki, ta kasa kunne sosai, bakinta yana motsi. Na ce a raina an kusa. Amma har ya gama ba ta sunkuya ba, ta ja mayafi ta juya fuska wajen zana.

Nan Saminu ya fashe. Ya miƙe tsaye a kan tsohuwa, abin da ban taɓa gani ba, ya ce, "Iya, shekara kusan sittin da rasuwarsa! Kin yi wani auren kin haihu! Wace irin kunya ce wannan? Ke kaɗai kika rage. In kika tafi da sunan nan a cikinki, ke kika shafe shi daga duniya, ba wani ba. Ke!"

Hamma ya taso daga inda yake ɗaure akuya. Na riga shi. Na ce, "Saminu, fita! Fita na ce, marar ta ido! Uban wa ya aike ka ka yi wa tsohuwa tsawa a gidan ɗanta?" Ya kwashi kayensa ya fita. Iya ta tattara gyaɗarta ta shige ɗaki. Ranar ko tuwo ba ta ci ba, ni kuma kunya ta hana ni haɗa ido da mutanen gidan.

Da safe, rana ta ɗan ɗaga, matan gida sun tafi roron wake, Hamma ya fita da amalanke. Na kai wa Iya ruwan ɗumi da koko a ɗakinta. Ta kama hannuna ta ce in zauna. Ta ce, "Ɗela, ja ƙofar."

Ƙofar kara ce, na ja ta. Na ce a raina yau za a ji.

Ta gyara zama. Sannan ta ce, "Ranar da yaron nan ya fara zuwa ya tambaye ni, da ya tafi na ce bari in faɗa a zuciyata, ni kaɗai. Na laluba, Ɗela. Ba ya nan."

Na ce, "Me ba ya nan, Iya?"

Ta ce, "Sunan. Sau ɗaya na ji shi, ranar ɗaurin aure, ƙanena ya zo ya gaya mini. Na ɗauke shi na aje. Ban taɓa fito da shi ba, ko a addu'a sai in ce Maigidan, Allah ya san wanda nake nufi. Na zaci yana nan inda na aje shi. Ina tuna tarinsa in ya fito daga rami. Ina tuna yadda yake karya goro da hagu. Jakin nan ma na san sunansa. Shekara biyu ke nan kullum ina nema, in ina ɓarar gyaɗa ina nema, in na idar da salla ina nema. Jiya da yana karantawa na saurara da dukan raina, na ce in na ji zan gane. Duk suka wuce ni kamar sunayen baƙi."

Sai ta fara kuka, irin na tsofaffi, ba sauti, hawaye kawai yana bin tsagar fuskarta. Ta ce, "Gara ya ce na ƙi. Gara ya zage ni. Wace irin mace ce za ta manta sunan mutumin da ya riƙe ta shekara goma bai taɓa ɗaga mata murya ba? Kar ki gaya masa, Ɗela. Ki rufa mini asiri."

 Tausayinta ya kama ni. Na rungume ta, ba nauyi ko kaɗan, muka yi ta yi tare.

Sai na ji an yi gyaran murya a waje. Na leƙa ta tsakanin kara, na ga ƙafafun Saminu. Ashe ya zo ba da haƙuri ne, ya tsaya a bakin ƙofa, kuma ƙofar kara me take tarewa? Ya ji komai. Na ce shi ke nan, yanzu zai shigo da sunayensa sittin ya ce a sake gwadawa.

Ya yi sallama, ya tuɓe takalmi, ya shigo ya durƙusa har ƙasa. Ba kaye a hannunsa. Ya ce, "Iya, na zo neman gafara. Jiya na yi rashin hankali. Na kwana ina tunani, na ga ke ce da gaskiya. Abin da kika riƙe shekara sittin ba ni zan sa ki saki ba. Kar ki faɗa. Ko na sake tambaya kar ki faɗa, haka matan kirki suke yi."

Iya ta goge ido da bakin mayafi, ta dube shi, ta dube ni. Na kau da kai. Ta ce, "To ango, ka yi hankali yanzu." Ta sa aka ɗaure mana gyaɗa a tsumma, ta ce a kai wa mai jego.

A hanyar komowa ban tsokane shi ba. Mun faɗi sau ɗaya, muka tashi muka kakkaɓe. Iya ta rasu da damanar da ta wuce, tana ganin asirinta a rufe yake, shi ya sa yau nake iya faɗa.

Ranar Talata da sassafe maza suka cika ƙofar gida, aka raba goro da dabino, rago yana ɗaure. Ni ina daga soro ina leƙe, don ba zan iya zaman ɗaki ba. Liman ya matso ya tambayi Saminu sunan yaro. Saminu ya kafe ƙasa da ido. Ya sake tambaya. Nazir ya dubi ubansa, mutane suka fara gyara zama. Sai Saminu ya sunkuya ya faɗa masa a kunne. Liman ya ɗaga murya ya ce an samu Ali, sunan yankan Kawu Ari ke nan. Aka shafa fatiha, maroƙi ya ɗauka, mata suka rangaɗa guɗa a cikin gida. Suka yi mini caa, wai ina sunan tsohon da aka je nema har Dogo-Dogo. Na ce Iya ta riƙe kunyarta, kowa ta ce ai dama, matan da ba wasa.

Da hantsi, ana ta fama da nama, aka nemi Saminu aka rasa. Na zaga na same shi a ɗakin ƙofar gida, ɗakin Kawu, wanda ba a buɗe ba tun arba'in. Yana zaune a bakin gadon, hannuwansa a kan gwiwa. Na tsaya a ƙofa na ce, "Sakatare, baƙi na nemanka."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Shekara goma sha ɗaya yana ɗakin nan, Ɗela. Kullum da safe nakan leƙo in ce Baba an tashi lafiya, in duba agogo in wuce. Da na zauna sau ɗaya na tambaye shi, ai da ya gaya mini."

Na ce, "Da ya gaya maka."

Na shiga na zauna kusa da shi, na bar baƙin suna jira.